Yadda Ake Haɗa Allon Lissafin Ciniki da Rumbun Bayanai na BigQuery

Kawuna yana da shago a Agege, yana sayar da turaren wuta, humra, dabino da zuma. Da can ciniki hannu da hannu ne, yanzu kuwa oda ta ko'ina take shigowa: ta shafinsa na intanet da aka gina da manhajar WooCommerce, ta WhatsApp, ta Instagram, har da Jumia. Kuɗin ma haka, wani ta Paystack, kamfanin karɓar biya ta intanet, wani ta taransifa, wani sai mai babur ya kai kaya Lekki ko Ikorodu sannan a biya. Kullum idan ya dawo daga sallar asuba tambayarsa ɗaya ce: "Jiya nawa aka yi?" Amsar kuma ba ta samuwa sai wajen azahar, bayan 'yarsa ta gama bin alat ɗaya bayan ɗaya.

An riga an shirya masa bayanan shagon suna zuba a BigQuery, wato rumbun bayanai na Google da ke kan intanet. Abin da ya rage shi ne allon da zai buɗe a waya ya ga lissafi da idonsa. Ga yadda na yi aikin da Looker Studio, manhajar Google ta zana rahoto wadda aka kuma sani da sunan Data Studio. Haɗin kansa bai fi minti biyar ba. Kwanakin da na ɓata duk sun tafi ne wajen ganin lambar da ke kan allo ta yi daidai da kuɗin da suka shiga asusu, don haka a nan zan fi daɗewa.

Kafin mu yi nisa: idan odarka ba ta da yawa, kuma hanya ɗaya take biyowa, ba ka bukatar rumbu. Haɗa Looker Studio da Google Sheets kai tsaye ya ishe ka. Rumbu na wanda bayanansa suka watsu ne a wurare uku ko huɗu, yana so su hallara wuri guda.

Mataki na 1: Ka san gidan da za ka shiga

Tsarin BigQuery hawa uku ne. Akwai Project, ka ɗauke shi a matsayin gida. Cikin gidan akwai Dataset, su ne ɗakuna. Cikin kowane ɗaki akwai tebura, inda bayanan suke jere layi-layi. Shiga console.cloud.google.com, ka buɗe BigQuery, ka duba ɓangaren hagu za ka ga gidan da ɗakunansa. Rubuta sunayensu a takarda daidai yadda suke, harafi da harafi.

Ka duba abu biyu. Na farko, yankin da ɗakin yake. Kowane Dataset yana da mazauni da aka zaɓa masa ranar da aka ƙirƙire shi, Amurka ko Turai ko Johannesburg, inda Google ta buɗe cibiyarta ta farko a Afirka a farkon 2024 da sunan africa-south1. Ba a sauya wannan mazauni daga baya. Duk sabon ɗakin da za ka gina, ka gina shi a yankin da na farko yake, in ba haka ba tambayar da ta haɗa su, wato umarnin da kake rubuta wa rumbu a harshen SQL don ya fito maka da bayani, za ta dawo maka da kuskure.

Na biyu, ka tabbata ko gidan yana da asusun biyan kuɗi ko kuwa a Sandbox yake, wato ɗanɗano na kyauta da ba ya neman kati. Sandbox yana da kyau wajen koyo, amma duk teburin da ka ƙirƙira a ciki yana gogewa bayan kwana 60, kuma ba ya barin ka saita aikin da zai riƙa maimaita kansa kullum. Kasuwanci na gaske yana bukatar a saka kati, kuma katin da zai iya biyan dala, don haka ka tambayi bankinka tun kafin ka fara.

Mataki na 2: Ku zauna ku yarda da abin da ake kira ciniki

Wannan matakin ba ya bukatar kwamfuta, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Na zauna da Kawu a kan benci a bakin shago bayan la'asar, da biro da takarda, ina tambaya yana amsawa. Odar da aka yi ba a biya ba tukuna, ciniki ce? Ya ce a'a, sai kuɗi sun shigo. Kayan da aka dawo da su fa? A cire su daga ranar da aka mayar da kuɗin. Da na zo kan kuɗin kai kaya, sai ya ce: "Ɗana, kuɗin mai babur ba cinikina ba ne. Amana ce ta ratsa ta hannuna, ka ware ta gefe." Bashin da ake ba tsofaffin kwastomomi kuma ya ce yana son ganinsa shi kaɗai, kada ya shiga cikin jimla.

Da ban yi wannan zama ba, da allon ya nuna jimla mai ƙiba wadda ba ta cikin aljihunsa, da kuma daga ranar bai sake yarda da shi ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka rubuta abin da kuka yarda da shi, domin shi za ka mayar tambaya a mataki na gaba.

Mataki na 3: Gina tsaftataccen tebur, kada ka jona allo da ɗanyen bayani

Manhajojin da ke kwaso bayanai zuwa rumbu, irin su Airbyte da Fivetran, suna juye komai ne yadda suka same shi: odar da aka soke, biyan da bai shiga ba, sunan kwastoma, lambar wayarsa da adireshin gidansa. Idan ka jona allo da wannan kai tsaye, lissafi zai karkace, sirrin mutane zai fita fili, kuɗin da za a caje ka kuma zai ƙaru. Saboda haka ƙirƙiri sabon ɗaki, ni na kira nawa allo, ka zuba abin da aka tace kaɗai a cikinsa.

Ga abubuwan da suka fi cin mutane, duk na gamu da su a shagon Kawu.

Kobo. Idan bayanan Paystack ta hanyar API suka zo, wato ƙofar da manhaja ke karɓar bayani kai tsaye daga wata manhajar, a kobo ake rubuta kuɗin. Odar ₦45,000 za ta fito 4500000. Ranar da na fara gwaji na ga cinikin mako guda ya kai kuɗin gida a Ikoyi, a nan na gane ban raba da 100 ba.

Agogo. Rumbun yana ajiye lokaci ne da agogon duniya na UTC, Legas kuma tana gaba da awa ɗaya. Duk odar da ta shigo tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya, rumbun zai lissafa ta a jiya. A sauran watanni ba lallai ka lura ba. A cikin azumi, lokacin da mata ke zaune da waya bayan tarawihi suna odar turaren salla har tsakar dare, bambancin yana fitowa sosai. Maganinsa ka gaya wa BigQuery cewa da agogon Legas kake aiki.

Maimaici. Wani lokaci biya ɗaya yakan shigo sau biyu, idan manhajar kwasowa ta sake ɗauko shi bayan an sabunta shi. Kowane biya yana da lambarsa da ba ta maimaituwa, da ita za ka riƙe na ƙarshe ka watsar da sauran.

Ga tambayar da ta tattara waɗannan ukun. Sunayen tebura da gurabe (wato kanun da kowane tebur ke jera bayani a ƙarƙashinsu, kamar rana ko kuɗi) na gidanka za su bambanta, sai ka sauya:

```
CREATE OR REPLACE TABLE allo.ciniki
PARTITION BY rana AS
SELECT
  DATE(paid_at, 'Africa/Lagos') AS rana,
  reference AS lambar_biya,
  channel AS hanyar_biya,
  amount / 100 AS kudi,
  fees / 100 AS caji
FROM danye.biya
WHERE status = 'success'
QUALIFY ROW_NUMBER() OVER (
  PARTITION BY reference ORDER BY lokacin_shiga DESC) = 1;
```

Ka lura na rubuta kudi, ban rubuta kuɗi ba. A sunayen gurabe na rumbu ka guji ƙ, ɗ da ɓ, ka tsaya ga haruffan da kowace manhaja ta sani. Idan an zo kan allo za ka rubuta sunan da Hausa mai lanƙwasa yadda kake so. Layin PARTITION BY rana kuma yana yanka teburin rana-rana, kamar yadda ake jera buhuna kowanne da kwanan watansa. Idan allo ya nemi cinikin jiya, buhun jiya kaɗai za a buɗe.

Odar WhatsApp da taransifa ba su da manhajar da ke kwaso su. A wajenmu 'yar Kawu ce ke shigar da su a Google Sheets. BigQuery yana iya karanta takardar kamar tebur: danna Create table, a wajen tushe ka zaɓi Drive, ka manna adireshin takardar, ka zaɓi nau'in Google Sheet, ka ce a tsallake layin farko na kanun gurabe. Daga nan sai ka haɗa ta da na Paystack da umarnin UNION ALL, wanda ke jera layukan tebura biyu wuri guda, ka ƙara gurbi guda da ke nuna ta inda odar ta biyo. Rahoton Jumia ma idan ka sauke shi a fayil ɗin CSV haka za ka loda shi. Amma ka ja kunnen mai shigar da bayani: tsarin kwanan wata ya zama iri ɗaya, kuma a gurbin kuɗi lamba kawai za a rubuta. Ranar da aka rubuta "15k" ko "ya biya rabi" a gurbin kuɗi, tambayar gaba ɗaya za ta tsaya.

Sunayen unguwanni su ma aiki ne. Wuri ɗaya na same shi da rubutu iri-iri: Lekki, lekki phase 1, LEKKI PH1, Leki. Allo zai ɗauke su unguwanni huɗu. Na buɗe wata ƙaramar takarda mai gurbi biyu, hagu yadda kwastoma ya rubuta, dama sunan da muka amince da shi, na haɗa ta da teburin bayan na mayar da komai ƙananan haruffa da LOWER, na share sararin gefe da TRIM. A takardar WhatsApp kuwa na sa jerin zaɓi, don kada a sake rubutawa da hannu. Sunayen kaya ma haka: farar humra, humra fara da white humra abu ɗaya ne, lamba ɗaya ya kamata su ɗauka.

Akwai tarko ɗaya da ya fi duka ɓuya. Oda ɗaya tana iya ɗaukar kaya uku: humra, zuma, dabino. A teburin oda layi ɗaya ce, a teburin kaya layi uku. Idan ka haɗe su, duk abin da ke teburin oda zai maimaitu sau uku. Kuɗin kai kaya na ₦3,000 zai koma ₦9,000, kuma babu saƙon kuskure da zai fito ya gargaɗe ka. Don haka ka yi tebura biyu a ɗakin allo: ɗaya layinsa oda, daga shi ake ɗaukar jimlar ciniki da kuɗin kai kaya, ɗaya layinsa kaya, daga shi ake ganin abin da ya fi tafiya.

Idan tambayar ta yi aiki, danna Schedule a saman wurin rubutu, ka sa ta riƙa gudana kowace rana. Ni na sa tamu ƙarfe huɗu na asuba agogon Legas, kafin Kawu ya fito masallaci. Ka duba da kyau wane agogo akwatin yake amfani da shi, don kada awa ɗayan nan ta sake shiga tsakani. Asusun da ke gudanar da tambayar dole ya kasance yana da izinin buɗe takardar Google Sheets ɗin.

Mataki na 4: Izini, kuma da asusun wa

Kada ka yi haɗin da asusun Gmail naka na kanka, ko na yaron shago. Allon yana shiga rumbu ne da izinin wanda ya haɗa shi. Ranar da yaron ya bar aiki ya koma Kano, ko ya ɓata da maigida, allon zai mutu ko kuma ya tafi da mabuɗinsa. A buɗe asusun Google na kasuwancin, lambar wayar maigida ce za ta kasance a kai, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

Izini biyu kacal wannan asusun yake bukata. Na farko BigQuery Job User, a matakin gida: shiga IAM & Admin, sannan IAM, danna Grant access, rubuta imel ɗin, zaɓi izinin. Shi ne ke ba shi damar yin tambaya. Na biyu BigQuery Data Viewer, a kan ɗakin allo kaɗai: danna ɗakin, Sharing, Permissions, Add principal. Kada ka ba shi wannan izinin a matakin gida, domin zai ga har ɗakin ɗanyen bayani. Kada kuma ka ba shi Owner ko Editor don gudun wahala.

Wannan ba tsantseni ne kawai ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin kare su, akwai kuma hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, da ke sa ido. Ko ba doka, matar da ta ba ka adireshin gidanta a Surulere don a kai mata turare ba ta ba ka shi don kowane ma'aikaci ya gani ba. Allon ciniki ba ya bukatar suna ko lambar waya. Unguwa ta isa.

Mataki na 5: Haɗin kansa

Da asusun kasuwancin, buɗe lookerstudio.google.com. Danna Create, sannan Data source. A jerin da ya fito zaɓi BigQuery, danna Authorize. Ƙarƙashin My projects zaɓi gidan, sannan ɗakin allo, sannan teburin ciniki. Tunda an yanka teburin rana-rana, za ka ga ɗan akwati yana tambaya ko a ɗauki gurbin rana a matsayin ma'aunin kwanan wata. Ka sa masa alama. Danna Connect a sama ta dama. Ka maimaita haka ga teburin kaya.

Akwai zaɓin Custom query, inda za ka rubuta tambaya a cikin allon kansa. Yana aiki, amma na fi son lissafi ya zauna a rumbu, wuri ɗaya da kowa ya sani. Idan ka watsa shi cikin rahotanni, wata rana za ka gyara guda ka manta da biyu.

Mataki na 6: Shafin gurabe, inda ake saurin wucewa

Bayan Connect za a nuna maka jerin gurabe. Tsaya a nan. Duba cewa rana tana matsayin Date. Gurbin kudi ka sauya nau'insa zuwa Currency, ka zaɓi NGN don alamar ₦ ta fito. Duk lambar da ba ta lissafi ba ce, kamar lambar oda, ka mayar da ita Text, in ba haka ba allon zai tara su ya ba ka jimlar da ba ta da ma'ana. A nan ne kuma za ka sauya sunaye su koma Kuɗin Ciniki, Hanyar Biya, Unguwa.

Idan kana son matsakaicin kuɗin oda, danna Add a field ka raba jimlar kuɗi da adadin oda: SUM(kudi) / COUNT_DISTINCT(lambar_biya). Kason riba ma haka, jimlar riba a kan jimlar ciniki. Kada ka ɗauki kason kowace oda ka nemi matsakaicinsu, domin odar ₦2,000 za ta yi nauyi ɗaya da ta ₦200,000.

A saman shafin akwai saiti biyu. Data credentials yana nuna da izinin wa ake shiga rumbu. Owner's credentials na nufin kowa yana gani da izinin asusun kasuwancin, ba sai an ba shi mabuɗin BigQuery ba, kuma shi ya dace da ƙaramin shago. Viewer's credentials na nufin sai mai kallo yana da izinin kansa. Na biyun Data freshness, wato tsawon lokacin da allo zai riƙe amsar da ya samo kafin ya sake tambaya. Asalinsa awa 12 ne, kana iya rage shi zuwa mintuna. Tunda teburinmu sau ɗaya yake sabuntawa a rana, rage shi sosai ba ya ƙara komai sai yawan tambaya. Na sa awa huɗu, don abin da aka gina da asuba ya bayyana da safe.

Mataki na 7: Zana allon don waya

Danna Create report. Kawu ba ya buɗe kwamfuta, a waya yake dubawa, wani lokaci yana cikin mota a cunkoson Oshodi, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Saboda haka na shiga Theme and layout na mayar da shafin siriri mai tsawo, kuma shafin farko abu biyar kawai na sa: cinikin jiya da manyan lambobi, adadin oda, bashin da ke waje, zanen cinikin kwana 30, da jerin kaya goma da suka fi tafiya. Unguwanni da hanyoyin biya suna shafi na biyu. Ta Add a control na ƙara wurin zaɓen kwanan wata da wurin zaɓen hanyar oda.

Hattara da kwatanta bana da bara. Allon yana da wannan zaɓi, amma da kalandar Bature yake aiki, kasuwarmu kuma wata take bi. A 2024 an ɗauki azumi a Najeriya ranar 11 ga Maris, a 2025 kuma ranar 1 ga Maris, bisa sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Idan ka kwatanta makon farko na Maris ɗin shekarun biyu, kana auna azumi ne da Sha'aban, sai ka ga kamar kasuwa ta yi tsalle. Ga mai sayar da dabino da turare wannan babban kuskure ne. Ka saita kwanakin kwatancen da hannu, ko ka yi ɗan tebur da ke ba kowace rana matsayinta a watan Musulunci, ka auna goman ƙarshe da goman ƙarshe.

Mataki na 8: Toshe ɓarakar kuɗi

Looker Studio kyauta ne, amma kowane zane da ke kan allo tambaya ce yake aika wa BigQuery, shi kuma yana caji ne bisa yawan bayanin da ya karanta. Kowane wata terabait ɗaya na farko, wato kusan gigabait dubu, kyauta ne, haka ma gigabait 10 na ajiya. Bayan nan a yankin Amurka dala 6.25 ne kowane terabait, wasu yankunan sun ɗara haka. Teburin oda na ƙaramin shago da wuya ya kusanci wannan iyaka. Inda ake ƙonewa shi ne idan aka jona allo da ɗanyen bayanan masu ziyartar shafi daga Google Analytics, waɗanda ke ƙaruwa kullum. A ce kowane zane yana karanta gigabait 2, zanen goma ne, ana sauya kwanan wata ko zaɓi sau 20 a rana: gigabait 400 ke nan, kyautar wata ta ƙare a kwana uku.

Sa LIMIT a tambaya ba ya rage abin da aka karanta. Abin da ke ragewa shi ne zaɓar guraben da kake bukata kaɗai da kuma yanka tebur rana-rana. Kafin ka gudanar da kowace tambaya, BigQuery yana nuna maka yawan bayanin da za ta ci, ka saba da duba wurin.

Sannan ka yi abu biyu. A Billing, ƙarƙashin Budgets & alerts, ka sa iyakar da za a aiko maka da imel idan an kusa ta. Ka sani wannan ƙararrawa ce kawai, ba ta tsayar da caji. Abin da ke tsayarwa yana cikin Quotas: nemi Query usage per day ka rage shi zuwa abin da ya ishe ku. Idan an kai nan tambayoyi za su tsaya har gobe.

Mataki na 9: Rabawa

Danna Share, ka rubuta imel ɗin kowane mutum, ka ba shi Viewer. Kada ka zaɓi wanda ke cewa duk mai adireshin zai iya gani. Da Owner's credentials, duk wanda aka tura wa adireshin a WhatsApp zai ga cinikin gidan gaba ɗaya. A saitin rabawa kuma ka hana masu kallo saukewa da kwafa. Idan mai tattara kaya yana bukatar ganin oda ban da riba, ka yi masa rahoto dabam daga teburin da babu riba a ciki. Ɓoye zane a shafi ba kariya ba ce. Ta Schedule delivery kuma allon yana iya zuwa imel ɗin maigida a PDF kowace safiya.

Idan wani abu ya ƙi, saƙon kuskuren yakan faɗi dalili. Access Denied tare da bigquery.jobs.create na nufin babu izinin Job User. Idan ya ce ba a sami Dataset a wannan yanki ba, matsalar mazauni ce ta mataki na 1. Idan ka ƙara gurbi a tebur bai fito a allo ba, ko zane ya nuna kuskuren saiti, buɗe tushen bayanin ka danna Refresh fields. Idan lambobi sun tsaya a na jiya, fara duba tarihin tambayar da ka saita ko ta gudana da asuba, kafin ka taɓa allon.

Mataki na 10: Auna shi da asusu kafin ka miƙa

Zaɓi rana ɗaya da ta wuce, ba ta jiya ba, ka ajiye abu uku a gabanka: allon, shafin Paystack, da bayanin asusun banki. Kada ka tsorata idan na banki bai yi daidai da na allo ba a kallon farko. Paystack yana zuba kuɗin ne a ranar aiki ta gaba, bayan ya cire cajinsa, don haka cinikin Juma'a, Asabar da Lahadi yakan iso ne a dunƙule bayan ƙarshen mako. Wannan ne amfanin gurbin caji da muka ajiye: ciniki, cire caji, shi ne abin da zai shiga banki.

Mu da muka auna wata Talata, allon ya gaza littafin Kawu da ₦18,500. Ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza, a nemo." Muka bi layi-layi, ni ina karanto lambar oda, 'yarsa tana duba alat a wayar shago. A ƙarshe muka tarar wata kwastoma ce daga Idi-Araba ta yi taransifa da daddare, aka ba mai babur kayan da sassafe, ba a shigar da odar a takarda ba. Aka shigar, na sake gudanar da tambayar, na danna Refresh data, lambobin suka haɗu.

Ka yi irin wannan awo na ranaku uku mabambanta: ranar kasuwa mai cika, ranar da aka mayar wa wani kuɗinsa, da ranar ƙarshen wata. Idan duka ukun sun yi daidai, ɗauki wayar maigida, ka buɗe allon a Chrome da asusunsa, ka danna ɗigo ukun nan na sama, ka zaɓi Add to Home screen, don ya same shi a fuskar wayar kusa da WhatsApp.